Taken Dogo a Turmin Inna

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin labarin nan. Na ga addu'o'in da kuka yi wa mamacin, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan naku da suka riga mu. Wadda ta tambaya ko gaske ne har yau ba na iya zama a gidan biki in an kawo kalangu, gaske ne 'yata, kuma yau za ki ji dalili.

Saboda wanda ya shigo yanzu: sunana Asabe, a Gyaɗi-Gyaɗi na tashi. Mijina Isyaku mahauci ne a kasuwar Tarauni, mutumin Gaya, kowa Dogo yake ce masa. Ni a lokacin ko Dogon ba na iya faɗa don kunya, sai dai in ce "shi". Shekara uku muka yi tare, Allah bai ba mu haihuwa mai rai ba. Daminar saba'in da shida motar shanu ta kife da su a hanyar Wudil, aka kawo min shi a naɗe cikin tabarma. Nan na tsaya wancan karon.

Gyaɗi-Gyaɗin da nake ba ku labari ba wannan ta yanzu ba ce, da mai adaidaita zai cika maka kunne da oda tun ba ka karya ba. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi, sai gonakin gero da gyaɗa tsakaninmu da Tarauni. Da sassafe in iska ta juyo sai ka ji gurnanin zakin gidan zu, awakin unguwa su yi tsit. Gari in yana da shiru haka, sauti yana tafiya nesa. Duk ranar da aka kayar da sa a kasuwa, Baba Audu mai kalangu ne yake sanar da mutane akwai nama. Kuma kowane mahauci yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in an buga, ko yaro ya san da wa ake.

Taken Dogo asalinsa tsokana ce. Muna sabon aure sai ya tsiri makara. Abokan aikinsa sun gama fiɗa, shi yana miƙe a kan tabarmata yana shan koko, wai nawa ya fi na kasuwa kauri. Ran nan Baba Audu ya ratso gonaki har ƙofar gidanmu, ya matse kalangu a hammata, ya sa shi magana tiryan-tiryan: Dogo na Asabe, rana ta yi, fito. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dariya ya yi har ya ƙware, ya fita ba takalmi, ya tuɓe rigar jikinsa ya ba makaɗin. Tun daga ranar kiɗan ya zama nasa. In an buga daga kasuwa, ko wanka yake sai ya ɗaga murya ya amsa, alhali ya san ba mai jin sa sai ni da kajin gida.

Da na fita takaba sai na koma gidan Inna, mahaifiyata, nan cikin unguwar. Babanmu ya daɗe da rasuwa, fura Inna take yi muke ci. Aka kwance min gadona mai rumfa aka jingine a ɗakin baya, kwanukan jerena aka zuba a buhu. Baba Audu ya ci gaba da kiɗan nama, ina jin taken kowa yana wucewa, na Sarkin Fawa, na wane, na wane, sai a zo gurbin Dogo a tsallake.

To, abin da Baba Audu ya daina bugawa, shi komai na garin ya ɗauka. Ruwa in yana ɗiga daga indararo cikin bokiti, taken nake ji. Injin niƙan maƙwabciyarmu Mama Chinwe in ya ɗauki zafi, shi ne. Jakin mai itace in ya hau tsandauri, jirgin ƙasa in ya taso daga tasha, mai faskare a bayan gida, har tafin yara 'yan gaɗa. Dogo na Asabe, rana ta yi, fito. Sai in ɗaga kai in dubi ƙofa. Wani lokaci har in ji kamar ƙanshin hantar nan da yake gaso min ya naɗo a ganye ya ɓoye a aljihu kar abokansa su gani.

Ina so ku gane ni. Ba iskoki ba ne, ba mafarki ba ne, ban taɓa ganin sa ba ko sau ɗaya. Na san yana kabarinsa, na san hanyar maƙabartar. Kuma ba tsoro nake ji ba. Daɗi nake ji. Kamar mutum yana ɗaki na kusa yana ta hidimarsa, ba ka ganin sa amma hankalinka a kwance.

Ni ke yi wa Inna dakan fura kowace safiya. Ban san abin da hannuna yake yi ba sai ranar da Mama Chinwe ta leƙo ta kan katanga da garin masara a gashinta. Ta daɗe a Kano, ta tafi garinsu lokacin yaƙin basasa ta dawo ta tarar Inna ta riƙe mata tukwanenta, don haka ba ta ɓoye mana magana. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Asabe, mijinki kike kira."

Na tsayar da taɓarya. Na sake ɗagawa ina saurare. Ai kuwa shi ne. Inda ake cilla taɓarya sama a tafa hannu, daidai inda Baba Audu yake sakin hammata. Ashe tun da na dawo nake buga wa unguwa taken mamaci a turmin Inna, kowa yana ji, ba wanda ya iya gaya min.

Ana cikin haka Malam Haruna tela ya fito. Shagonsa a jikin katangarmu yake, ta waje. Gajere ne, mai sanyin magana, ɗan malamai daga Babban Giji, matarsa ta rasu wajen haihuwa ita da abin cikin. Shi ya ɗinka min rigar fita takaba. Atamfa ce ruwan toka, na ce a yi ta sak ba ado, sai ga ta ta dawo da wani siririn aiki da farin zare a wuya, wanda sai ka matso za ka gani. Na aika a tambaye shi, ya ce zaren ne ya ragu. Bayan nan, wata Lahadi, a shirin gaishe-gaishe na rediyo, aka karanto cewa wani tela yana gaida mai furar Gyaɗi-Gyaɗi da fatan Allah ya ƙara haƙuri. Ba suna, amma kafin azahar matan unguwa sun gama shigowa sayen fura ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba sa sha.

Ya fara zuwa zance bayan la'asar. Sai ya zauna can ƙarshen tabarma a zaure, ya cire takalmi ya jera su, ya yi ta ba ni labarin zare da allura da yadda damina za ta kasance. Dogo in ya shigo wuri sai ya cika shi. Wannan in ya shigo sai ka ji wurin ya ƙara faɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na fara jiran la'asar. Na koma sa kwalli. Na ciro gyalena mai ruwan hoda daga ƙasan adaka na turara shi. Ina son sa, wani irin so dabam, mai kama da inuwa.

Inna kuwa kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Dama can aurena da Dogo bai kwanta mata ba. Ba don halinsa ba, har ta mutu tana cewa ba ta ga surukin da ya kai shi kyauta ba. Sana'ar ce. Ta ce mu manoma ne kaka da kakanni, ba mu taɓa haɗa jini da masu wuƙa ba, ni na jawo. Yanzu ga ɗan malamai, mai sana'a mai tsabta, wanda ba ya dawowa gida da ƙuda a bayansa. Ta fara aika masa fura mai nono a sabon kwano.

Sai dai unguwa ta samu abin yi. 'Yan majalisar bakin shagonsa in sun ji na fara daka sai su ce masa, tela, kai kake zance, Dogo ake kira. Wani ya ce masa ya miƙe tsaye ko za a yi zaton Dogon ne. Shi dai murmushi yake yi, ya ci gaba da taka kekensa.

Abin ya lalace ne ranar da gwaggonsa ta zo ganina. Tsohuwa ce mai carbi, ta zo da goro a ƙulle a gefen mayafi, ba ta aiko za ta zo ba, ta tarar ina tsakiyar daka. Inna ta shimfiɗa mata tabarma tana ta yi min ido. Na yi niyyar in yi daka irin na kowa, wallahi na yi niyya. Bugu kaɗan hannuna ya koma inda ya saba. Tsohuwar ta saurara har na gama, ta amsa gaisuwata da kyau, ta yaba furar. Da za ta tafi, a bakin zaure, ta ce wa Inna yarinya tana da ƙarfin hannu, sai dai kiɗan ta san mai shi, kuma su a gidansu ba a kai amarya ɗaki da wani namiji a bakin taɓaryarta. Goron ma da shi ta koma.

Inna ta dawo ta tsaya a kaina. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Asabe, shi ya tafi. Ke kina nan. Ni ma ba zan dawwama ba. In wannan ya kuɓuce miki, wa kike jira?"

Na ce ba da gangan nake yi ba.

"Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro."

Ta karɓe taɓaryar ta koma yin dakan da kanta, da bayanta mai ciwo, ni ta ba ni tankaɗe. Kafin in gama kwano ɗaya ta ɗago ta dube ni. Gefen rariya nake bugawa da tafin hannu, kiɗan nan dai. Ta ba ni wanke-wanke, ludayi ya ɗauka a jikin ƙwarya. Ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da zani, ban san ko dariya take ko kuka ba.

Da yamma na yi ƙarfin hali na tambayi Malam Haruna ko abin yana damun sa. Ya dubi takalmansa. Sannan ya ce shi ma yana da abin faɗa: kwanakin baya yana ɗinka wata riga, sai ya lura ƙafarsa a kan keke tana bin dakana, har in na tsaya hutawa ɗinkin ya karkace. Ya ce bai san ko ya yi fushi da ni ba ko da keken. Amma ya ce gaskiya gwaggo ita ta rene shi, kuma kawunsa da zai nema masa aure maganarta yake ji.

Washegari na ce wa Inna zan je gaida matar Baba Audu, na yafa mayafi na bi ta gonaki zuwa gidansu a Daurawa. Gero ya fara fitar da kai. Hanyar nan Dogo yake bi kullum, na san inda yake tsayawa ya ɗaure wando, na san tsamiyar da yake rataye wuƙaƙensa in zai yi alwala. Na samu Baba Audu a tsakar gida yana shafa wa fatar kalangu mai. Da ya gan ni sai ya ajiye, ya ce, "Amaryar Dogo." Ba wanda ya sake kira na haka tun ranar da aka kawo tabarmar. Na durƙusa na gaishe shi.

Bayan gaisuwa na roƙe shi ya cire min kiɗan nan daga hannu, tunda shi ya sa shi a duniya. Ya ce ya ji labari, har ya taɓa tsayawa a bayan katangarmu ya saurara, kuma ko yaransa da ya koya wa ba sa kawo shi daidai kamar ni. Sannan ya yi min bayanin yadda ya gada wajen mahaifinsa. Ya ce take kira ne, kuma ba a kiran wanda ba zai iya amsawa ba. In mai take ya rasu, sai a tara abokan sana'arsa a buga masa na ƙarshe. Wani namiji daga gidansa ya tsaya a gaban makaɗi, hannu a baya, ya ce mai shi ya riga mu. Makaɗi ya katse kiɗan a tsakiya, ya sassauta igiyoyin kalangu, a yi fatiha. Shi ke nan an rufe. Na Dogo ba a rufe ba, saboda mahaifinsa ya tsufa can Gaya, ba shi da ɗa, ba shi da ƙane a nan. Mahautan kuma kowa da nasa taken, mai take ba ya tsayawa a na wani.

Na ce ni zan tsaya. Ya girgiza kai, ya ce ba a yi da mace. Sai namijin gidan, ko wanda zai ɗauki nauyin abin da mamacin ya bari. Ya ɗan dube ni ta gefen ido da ya faɗi haka. Ya ƙara da cewa sharaɗi ɗaya ne: mai tsayawar kar ya ba makaɗi komai, ko goro. Wanda ya yi kyauta a kan take, ya karɓe shi ke nan, ya zama nasa.

Na dawo na gaya wa Inna don kawai ta san na yi ƙoƙari. Kafin in cire mayafi ta zagaya shagon tela. Ban taɓa ganin ta da sauri haka ba. Ta dawo fuskarta a washe, ta ce ya yarda, ya ce zai je ya ga Baba Audu su sa rana, kuma dama gwaggo ta ce masa in an rufe ɗin ita ba ta da sauran magana.

Ya kamata in yi murna ko? Ni na je na roƙa. Amma tun daga ranar abinci ya daina wuce min. In ruwa ya ɗiga a bokiti sai in tsaya cak ina saurare kamar mai ban kwana. Ina tunanin in an rufe, indararo zai koma indararo, injin Mama Chinwe ya koma inji, ni kuma in zama mace ita kaɗai a tsakar gida da taɓarya. Motar Wudil ta ɗauke shi sau ɗaya. Wannan karon ni na aika a ɗauke shi.

Ranar ta zo, da hantsi. Mata ba sa shiga rumfar mahauta a irin wannan, don haka matar Sarkin Fawa ta shigar da ni da Inna gidanta da ke bayan rumfar, ta nuna mana wata kafa a jikin zana. Na sa rigar nan mai ruwan toka. Mahauta sun ajiye wuƙaƙe sun tsaya a jere, wasu da jini har gwiwar hannu. Teburin Dogo yana nan, wani yana sayar da kayan ciki a kai. Sai ga Malam Haruna cikin farar riga ƙal, da hula mai aikin hannu wadda na san ya fi wata guda yana yi wa kansa. Yana ta ɗage gefen riga kar ta taɓa ƙasa. A cikin ƙartin nan kamar an ajiye ƙwai a cikin duwatsu.

Baba Audu ya gyara rataya, ya matse hammata, ya buga.

'Yan uwa, duk abin da nake ji a indararo da inji ashe inuwa ce. Wannan shi ne. Na ji tabarmata ta aure a ƙarƙashina, na ji ƙanshin koko, na ji dariyar nan da take ƙarewa da tari. Har na buɗe baki zan ce masa ya tashi ana jiran sa. Mahautan da ke jere wasu suka sunkuyar da kai, wani babba a cikinsu yana share ido da bayan hannu yana shafa wa fuskarsa jini bai sani ba. Inna ta riƙe min wuyan hannu.

Malam Haruna ya tsaya a gaban makaɗin, hannu a baya, yadda aka ce. Kiɗan ya zagayo inda zai yi magana, bai yi ba. Baba Audu ya sake ɗaukowa daga farko. Ya sake zagayowa, shiru. Inna ta fara cewa a kunnena me yake jira, ya manta ne, wani ya tuna masa mana. Na ga ya juya kai kaɗan ya dubi zanan da muke baya, ko da yake ba zai iya ganin mu ba.

Sai ya saki hannayensa. Ya cire hular nan, ya matsa, ya ɗora ta a kan Baba Audu.

Nan take wurin ya kaure. Baba Audu bai katse ba, sai ma ƙara wuta da ya yi, hula a karkace a kansa. Mahauta suka yi kan tela suka ɗaga shi sama, farar rigar nan ta tashi daga fara. Wani yana cewa gajere ya gaji Dogo, wani yana cewa a kawo masa turmi ya taka ya kai teburin. Matar Sarkin Fawa ta rangaɗa guɗa a bayan kunnena. Inna ta saki hannuna ta ce, "Inna lillahi. Bai gane ba. Wa ya aike shi kyauta?" Ni kuwa na zauna a ƙasa a gidan mutane. Abin da na ji ya fi kama da wanda aka tsamo daga rijiya, sai kuma fushi ya biyo baya, don kiɗan nan da sunana a ciki, kuma ba shi aka yi wa ba.

Har muka iso gida Inna tana lissafa wa kanta yadda za a gyara: a koma wajen Baba Audu, a ce kuskure ne, a mayar da hular.

Bayan la'asar ya yi sallama a zaure. Na fita ba kwalli. Ya canza riga amma kansa ba hula, na ga ashe yana da ɗan sanƙo. A gefensa ga wani ƙunshi a ganye, wai mahauta ne suka aiko masa shago, kason mai take. Ya zauna a ƙarshen tabarma ya jera takalmansa. Ni ban zauna ba.

"Ba a gaya maka sharaɗin ba ne?"

"An gaya min. Sau biyu ma."

"To me ya sa?"

Ya ce tun ranar da aka sa rana yake sauraren gidanmu ta jikin katanga. Ba dakana, ba tankaɗena, ko tarina bai ji ba. Ya ce ya taɓa zama a gidan da ya yi irin wannan shirun, ya san shi, kuma ba zai auri mace ya kai ta cikinsa ba.

"Na san ba za ki daina jin sa ba, Asabe, ko an rufe ko ba a rufe ba. Gara in kin buga a samu mai amsawa."

"Ba naka ba ne."

"Na sani. Riƙo zan yi masa."

Na juya masa baya saboda kar ya ga fuskata. Daga can cikin unguwa injin Mama Chinwe yana ta yi. Sannan na zauna, ba a ƙarshen tabarmar ba, na ce masa ya turo manyansa.

Ya shafa kansa. Ya ce nan ne matsalar. Labari ya riga shi isa Babban Giji. Kawunsa ya ce ɗan malamai da aka ɗaga sama a rumfar fawa ana yi masa kalangu ya nemi wanda zai nema masa aure, shi ba ya cikin wannan. Gwaggo kuma ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

"To wa zai zo?"

"Sarkin Fawa ya ce tunda na zama nasu, su za su zo. Gaba ɗayansu. Jibi. Baba Audu ya ce shi zai shige gaba."

Daga bayan labulen zaure na ji ƙarar kwano ya faɗi ƙasa, fura ta gangaro har bakin tabarmarmu. Inna ta ɗaga labulen, ta dube shi, ta dube ni, ta dubi ƙunshin naman da ke tsakaninmu.

"Mahauta kuma?" in ji ta. "A ƙofar gidana, karo na biyu?"

Na ce, "E, Inna. Ki ba ni taɓaryata, baƙi da yawa za mu yi."